Sandar Bakin Bango

"Ba ni zan riƙe miki sanda ranar Asabar ba."

Auta na zaune a bakin kwamin ninkaya, ƙafafunta cikin ruwa, tana ƙoƙarin zare hular roba daga kanta. Ta yi 'yar dariya.

"Wasan nan naka ba daɗi, Mai Sanda. Miƙo min tawul."

Ya miƙo mata. Sai dai bai ce "ungo, Agwagwa" ba kamar yadda ya saba.

Tun tana 'yar shekara bakwai ƙyanda ta tafi da idanunta, yanzu tana da ashirin da uku. A tudu tana da kunne, tana da sandar tafiya. A cikin ruwa kuwa ba ta da hanyar sanin bango ya iso sai ta hannun mutum ɗaya. Shi yake tsayawa can ƙarshen kwami da doguwar sanda mai dunƙulen soso a baki. In ta taho a guje ya buga mata a ka, ita kuma ta wuntsila, ta doki bango da ƙafa, ta juyo. In ya makara da ƙiftawar ido, goshinta ne a siminti. In ya yi gaggawa, ta wuntsila a banza, ƙafa ba ta sami abin tokara ba.

Ainihin aikinsa kula da injin tace ruwan kwamin ne. Wata rana mai riƙe mata sanda bai zo ba, Koci ta leƙa ɗakin inji ta ce, "Kai mai makullai, zo ka yi lada." Shekara huɗu ke nan. Ko sau ɗaya bai bari ta taɓa bango da ka ba.

"Me na yi maka?" ta tambaya a hankali.

"Ba ki yi min komai ba. Umma ce. Ta ɗauki wayata jiya, ta ji saƙon muryar da kika turo."

Kunya ta rufe Auta, don ta san abin da ta faɗa a saƙon.

"To sai ta ce me?"

Makullan da ke rataye a ƙugunsa suka yi ƙara, alamar ya tsuguna kusa da ita.

"Faɗi mana. Saboda ni makauniya ce ko? Ai ba zagi ba ne. Na riga kowa sani."

"Ta ce ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Ta ce ɗa ta haifa, ba ɗan jagora ba. Ta ce in na sake ɗaga miki sanda, ba ta yafe ba."

Hawaye suka zubo wa Auta, masu ɗumi a kan fuskar da ruwa ya sanyaya.

"Ka san Asabar ce ranar ƙarshe. Ka sani. In ban yi mita ɗari cikin minti ɗaya da daƙiƙa goma sha uku ba, ba za su sa sunana cikin masu tafiya babbar gasa ba. Sai kuma bayan shekara huɗu, in da rai. Rabin daƙiƙa ya rage min, kuma kai da bakinka ka ce rabin daƙiƙar nan a bango take."

"Na sani."

"Ban ce ka saɓa wa Umma ba. Wallahi ban ce ba. Minti ɗaya ne da 'yan kai! Ka riƙe min na minti ɗaya, bayan nan ko sunana kada ka sake kira."

"Rantsuwa ta yi, Auta. Hannunta a kaina ta yi ta."

"Ni kuma fa? Ni a kan me zan ɗora nawa hannun?"

Ta ji yana jan hanci, ta gane shi ma kukan yake. Wannan ya fi komai karya mata zuciya, don da faɗa ya yi, da ta sami abin ramawa.

Ta share fuska da tawul. "Wa zai riƙe?"

"Koci ta ce Likita."

Wata dariya ta kufce mata, irin wadda ta fi kuka ciwo.

"Lallai. Bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga."

* * *

Likita ba likita ba ne. Mai yi wa 'yan wasa tausa ne in jijiya ta ɗaure, amma kowa haka yake kiransa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Mutum ne mai sanyin murya, kullum ƙamshin man zafi na bin sa. Sau biyu yana zuwa gaishe da mahaifin Auta, kuma ba wanda bai san dalili ba.

Ranar Laraba aka gwada shi.

Karo na farko ta taho, soso ya sauka a kanta, ta wuntsila ta harba ƙafa. Wayam. Ba bango. Ta yi ta wutsil-wutsil kamar kaza a rijiya.

Karo na biyu ma haka. A na uku ta karkace ta auka kan igiyar layi, robobin suka yanke mata ɗan yatsa.

"Likita!" Koci ta daka tsawa daga ɗaya gefen. Mace ce mai murya kamar lasifika, shekararta talatin tana koyar da iyo. "Ƙuda kake kora mata ne? Saura hannu uku ta iso fa kake bugawa!"

"Koci, gani nake za ta fasa kai."

"Kanka ne? Ita mai kan ta kawo maka ƙara?" Ta yi tsaki. "Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga shi an sa mu. Fito, Auta. Gobe da jibi hutu za ki yi, ban yarda ki taɓa ruwa ba sai na alwala."

Likita ya ɗaure mata yatsan da filasta, yana ta ba ta haƙuri. Hankalin Auta ba ya wurinsa. Ta kasa kunne ko za ta ji ƙarar makullai daga wajen ɗakin inji. Gurnanin injin kawai ta ji.

Da yamma Abba ya kira ta falo. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, ya rage muryar rediyo.

"Na ji abin da ya faru, Auta."

"To, Abba."

"Yaron nan ban taɓa jin aibinsa ba. Amma ki saurare ni. Macen da uwar miji ba ta so, ko da idonta biyu ba ta da wurin zama a gidan. Balle ke." Ya ɗan tsaya, kamar ya ji nauyin abin da ya faɗa. "Ni na yi jinyarki. Ni na riƙa kai ki ruwan nan a bayan babur lokacin da dangi ke cewa na zautu. Ba zan kai ki inda za a riƙa ƙirga miki lomarki ba."

"Na gane, Abba."

"Shi Likita mahaifiyarsa da kanta ta aiko a tambaye ni. Ba zan yi miki dole ba, kin san halina. Amma mutane ba za su yi ta tsayuwa a ƙofa ba. Bayan Asabar ina son amsa."

Ta murza filastar da ke yatsanta.

"Abba, tausayina yake ji. Har a cikin ruwa tausayina yake ji."

"To tausayi laifi ne?"

"A bakin bango laifi ne."

Abba ya numfasa, ya mayar da muryar rediyo.

Alhamis ta kira wayar Mai Sanda sau shida. Juma'a sau tara. Tana shiga, ba a ɗauka. Da yammacin Juma'a ta ajiye wayar a ƙarƙashin filo, ta ce wa kanta shi ke nan, ta haƙura. Bayan minti goma ta sake kira.

* * *

Ranar Asabar, ɗakin jiran 'yan gasa cike yake da warin maganin ruwa da ƙarar tafin hannu a kan cinya. Su takwas ne, kowace da mai yi mata jagora. Alƙaliyar gasa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karɓar gilashin ruwa tana dubawa, don doka ce kowace ta sa wanda aka toshe da baƙi, ko da ɗigon haske kada ya shiga.

"Nata kam ko farin gilashi kika ba ta duk ɗaya," Koci ta ce. Alƙaliyar ba ta yi dariya ba.

Ƙamshin man zafi ya tsaya a gabanta.

"Auta." Muryar Likita ta dushe kamar mai mura. "Ki taho da ƙarfinki duka. Kada ki rage ko kaɗan."

"Faɗa ai ba wuya."

"Na roƙe ki."

Ta ji takunsa ya yi nisa, sandar tana ɗan gogar tayil.

Koci ta kama gwiwar hannunta. "Ni ina nan bakin gamawa, shi yana can bakin juyawa. Kin san doka, daga an tashi ba mai ce miki ko a. Ke da ruwa ne."

"Koci, in ya sake bugawa da wuri fa?"

"Kin faɗi."

"In ya makara?"

"Kin fasa kai, kin kuma faɗi. In kika rage gudu don tsoro, nan ma kin faɗi, sai dai da lafiyayyen goshi. Zaɓi ya rage naki, 'yar nan. An ce in makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Ke me kika taka?"

Auta ta gyara zaman gilashinta.

Aka fito da su. Hayaniyar 'yan kallo ta rufe ta kamar ruwan sama a kan kwano. Aka kira layi na biyar, Koci ta ɗora hannunta a kan dakalin tsalle, ta shafa gefensa, ta hau. Usur ya yi ƙara. Wurin ya yi tsit.

A cikin shirun nan ne ta ji. Can nesa, ta gefen dama. Cakwal. Ƙarar makullai.

Ta ɗan karkata kai wajen ƙarar.

"Ku shirya."

Ƙarar tashi.

Ruwa ya haɗiye ta. Sanyi, kumfa, sai kuma jikinta ya tuna aikinsa. Ta fito sama ta fara ƙirga hannu. Ɗaya, biyu, uku, numfashi. Yatsanta mai ciwo ya gogi igiya, ta ɗan gyara zuwa hagu.

A atisaye hannu arba'in da huɗu ne ke kai ta bango. Amma ƙirga ba ta amana ranar gasa. Wata rana arba'in da biyu, wata rana da biyar. Tsakanin waɗannan akwai goshin mutum.

Ashirin. Tana jin ta layi na huɗu na dukan ruwa daidai kafaɗarta.

Talatin. Ƙirjinta ya fara zafi.

Talatin da shida. Jikinta da kansa ya fara ja da baya, wuyanta ya ƙage, hannunta na son miƙewa ya laluba gaba. Bango na nan. Tana jin sa kamar yadda ake jin mutum tsaye a bayan ƙofa.

Maganar Umma ta dawo mata: ɗa ta haifa, ba ɗan jagora ba.

Wani abu ya taso mata daga ciki, ba ta san fushi ne ko baƙin ciki ba. In goshi ne, ya fashe. Su gani da idon da suke taƙama da shi. Ta sunkuyar da kai ta ƙara wuta.

Arba'in. Ba komai.

Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu. Ba komai. Ya Allah.

Arba'in da uku, hannun damanta na nutsewa.

Tim.

Ba a tsakar ka ba. Ɗan baya kaɗan, inda hula take tattarewa. Bugu ɗaya, mai nauyi, da 'yar turawa gaba a ƙarshensa kamar mai cewa je ki. Duk duniya hannu ɗaya ne ke bugu haka.

Ta dunƙule ta wuntsila. Tafin ƙafafunta biyu suka sauka a bango daram, gwiwa a lanƙwashe daidai yadda ake so. Ta harba.

Ya zo! Ya karɓe sandar! Ya zo!

Ba ta sake ƙirga komai ba. Ba ta san sanda ta wuce ta layi na huɗu ba. Hannuwanta sun yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, huhunta na ci da wuta, amma tana ji kamar ruwan ne ke ture ta. Sandar Koci ta sauka a kanta, ta miƙa hannu ta daki allon gamawa.

Ta rataye a jikin igiya tana haki. Ihu ta ko'ina, ba ta san na wa ba ne.

"Koci! Nawa?"

Ihun 'yan kallo kawai take ji.

"Koci, don Allah!"

"Minti ɗaya," Koci ta ce, kuma karo na farko a rayuwarta Auta ta ji muryar nan ta yi ƙasa. "Sha biyu. Da ɗigo takwas. Ja'ira, za ki tafi."

Aka fito da ita, Koci ta lulluɓe ta da babbar rigar tawul tun daga ka har ƙafa. Auta ta riƙe ta tana kuka tana dariya.

"Ya zo, Koci! Kin gan shi? Na ji hannunsa! Wallahi na ji!"

Koci ta ja rigar tawul ta ƙara rufe mata kafaɗa.

Taku ya taho daga can ƙarshen kwami, sanda na gogar tayil. Auta ta juya, ta buɗe baki za ta kira shi. Sai ƙamshin man zafi ya iso kafin mai shi.

Murmushin ya daskare a fuskarta.

"Ni ne, Auta," Likita ya ce.

"Ƙarya ne."

"Ni na buga. Hannuna ne. Amma bugun ba nawa ba ne." Ya yi tari. "Tun ranar Alhamis yake ƙwanƙwasa min ƙofa bayan sallar asuba. Ya buɗe wurin nan da makullansa kafin kowa ya zo. Ya sa baƙin gilashinki na ajiya, ya sa takalmin iyo don ya kamo gudunki, ya shiga layi na biyar ya ce in buga masa."

Auta ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Ya ce matsalata tausayi. Ya ce in jira sai zuciyata ta ce an makara, sannan in ƙara rabin hannu. Da na fara jira sai na riƙa wuce wuri. Ya daki bangon nan, Auta. Ina tsaye ina kallo. Ya fito jini na zuba, ya ce a sake. Ya nuna min inda hularki ke tattarewa. Ya nuna min turawar nan. Asuba uku, har da ta yau."

Ya sa mata sandar a hannu. Yatsunta suka gane ta nan take, har da zoben salatif uku da ya naɗa a wurin riƙo.

"Da na yi shiru, da kin ɗauka gwanintata ce," Likita ya ce. "Na so in yi shirun, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ban ce na janye ba. Amma ba zan ci da gumin wani ba."

Ta rungume sandar a ƙirji. "Yana ina?"

"Mu je ki sa kaya tukuna," Koci ta ce, ta ja ta.

Sun shiga siririyar hanyar da ke kaiwa ɗakin canja kaya ke nan, hayaniya ta koma bayansu, Koci ta yi turus.

Akwai mutum a gabansu. Auta ta ji ƙamshin turaren da ba ta sani ba, da numfashin dattijuwar da ta sha hawan bene. A bayanta kuma, a hankali, cakwal.

"Ke ce Agwagwar?"

Nan take Auta ta gane mahaifiyar Mai Sanda ce. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen tayil, sandar na hannunta.

"Ina wuni, Umma."

"Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na zo ne in gani da idona ko zai taka maganata. Tun safe nake zaune a can sama. Na ga lokacin da kika nufi bangon nan. Na rufe ido. Ni mai idon, ni na rufe."

Hannu mai tauri ya damƙi wuyan hannun Auta.

"Kai. Sunkuyo."

"Umma..."

"Na ce ka sunkuyo!"

Makullai suka yi ƙara. Aka ja hannunta sama, aka ɗora yatsunta a kan goshi mai zafi. Shekara huɗu, ba ta taɓa sanin yadda fuskarsa take ba. Abin da ta fara sani shi ne filasta.

"Ƙirga," in ji Umma.

Yatsunta suka bi. Kumburi sama da girar hagu. Wani a tsakiya, an ɗinke shi. Wani sabo ɗanye a bakin gashi.

"Uku," ta ce.

"Ni ma uku na ƙirga. Ya ce min ƙofar ɗakin inji ce ta buge shi. Kwana uku, ƙofa ɗaya! Ni zai mayar yarinya." Muryar tsohuwar ta karye, ta yi maza ta gyara ta. "Na ce kada ya ɗaga miki sanda. Bai ɗaga ba. To gaya min, ke da kika san shi a ruwa, me ya rage in hana shi?"

Hawayensa ya gangaro ya taɓa tafin hannun Auta.

"Kada ku ɗauka na yarda," Umma ta ce da ƙarfi. "Ban ce na yarda ba. Ki je ki sa kaya kafin sanyi ya kama ki. Gobe bayan la'asar a kawo min ke gida. Ni da ke, ba shi, ba kowa. Akwai tambayoyin da zan yi miki, kuma ba masu daɗi ba ne."

"To, Umma."

"Na gama. Tafi."

Auta ta yi niyyar tafiya. Sai dai har yanzu hannun tsohuwar na damƙe da nata, kuma bai saki ba.